Shanun Hassan a Bakin Taga

Shekara goma sha ɗaya Ilyasu Tanimu ya yi yana koyar da lissafi a lakol ɗin Cadakori, har alli ya fara sa shi tari. Ya ajiye koyarwa, ya koyi rubuta manhaja a wajen wani tsohon ɗalibinsa a Maradi. Yanzu shekarunsa arba'in da uku, kuma shi ne mai kula da kwamfuta ɗaya tilo da ke buro, wato ofishin wata ƙungiyar makiyaya a Gidan Rumji.

Manhajar da ya rubuta musu ba ta da wani ado. Ana buɗe ta kamar shafin intanet, a ɗora wata 'yar na'ura a kan alamar da aka maƙala a kunnen saniya, lambar ta fito, a buga takardar shaidar rigakafi. Wayar na'urar mita huɗu ce kawai, don haka ta taga ake zuro ta, a riƙa koro shanu ɗaya bayan ɗaya ta gindin bango.

Na'urar ba ta magana da manhaja kai tsaye. Akwai wani ɗan fayil da masu ƙera ta suka rubuta da harshen inji, wanda dole a ɗora shi kafin komai ya motsa. A kwamfutarsa ta gida, wadda ta daina kunnuwa tun watan azumi, bai taɓa samun matsala ba, domin tuntuni ya ajiye fayil ɗin inda inji ke fara dubawa, ya manta. A buro kuwa ta hannun magini ake tayar da aikin, wato wata manhajar da ke harhaɗa sassa ta kunna su. Maginin nan ya ce bai ga fayil ba.

Ranar Talata Hassan ya iso da shanu tamanin da tara. Dattijon Bafulatani ne, kuma arewa ya nufa. An yi ruwan farko, manoma sun fara fitar da iri. Kwana biyu nan gaba shuka za ta rufe gefen burtali, saniya ɗaya ta kauce, rigima ta tashi. Ba takarda kuma, masu duba dabbobi za su tsare shi a hanya.

"Malam, jibi da asuba zan tashi," in ji shi. "Da takarda ko babu."

"Yau za a gama, Baffa."

Ba a gama ba. Ilyasu ya rubuta wa magini adireshin fayil ɗin, ya tayar, saƙon dai shi ne. Ya kwafe fayil ɗin zuwa wani wuri. Ya sake sauko da shi daga intanet, layi na yankewa, ko na farkon ya lalace. Ya duba adireshin harafi-harafi da yatsa a kan allo, kamar yadda yake duba jarrabawar yara a da. Ta taga yana jin shanu na kaɗa ƙuda, yana jin tarin Hassan a gindin bishiyar bedi.

Laraba da azahar Delu, sakatariyar buron, ta ajiye masa shayi ta tsaya tana kallo.

"Kai da ka ce injin nan ya fi mu hankali."

"Ya fi mu. Taurin kai ne ya ɗauko a wajenki."

Ya miƙa hannu bayan kwamfutar don ya gyara wata waya. Delu ta doke hannun.

"Kul! Kada ka kashe mini ita. Maɓallin ya karye tun ba ka dawo daga jinya ba. Sai da Shugaba ya kai ta Maradi aka tayar, aka ce in ta mutu shi ke nan. Kwana arba'in da bakwai ke nan tana kan batir, ko an ɗauke wuta ba ta ƙiftawa. Zane kawai nake rufa mata."

Ilyasu ya janye hannunsa a hankali. Magini yana da wata ɗabi'a da ya sani sarai: in an tayar da shi sau ɗaya, yakan bar wani sashensa a kunne a ɓoye don aikin gaba ya yi sauri. Sashen nan a lokacin tashinsa kaɗai yake karanta adireshi. Kwana ɗaya da rabi ke nan yana gyara umarnin da ba mai sake karantawa.

"Ba ita zan kashe ba, Delu. Abu ɗaya ne a cikinta."

"Ni dai ba ruwana. In ta mutu kai za ka gaya wa Shugaba."

Ya nemo ɓoyayyen sashen, ya tsayar da shi, ya sake tayar da magini. Sai da ya jira kusan sa'a biyu, domin sabon tashi ne, kuma komai sai an sake saukowa da shi ta layin da ke rarrafe. Bayan la'asar na'urar ta yi ƙara a kunnen wata jar saniya, lamba ta fito.

Bai ji daɗi ba, wuyansa kawai ya ji yana ciwo. Ya fita da kansa ya riƙe na'urar, Delu na bugawa, Hassan da ƙanensa na korowa. Wasu shanun suka ƙi bangon, wani bijimi ya fizge wayar har sau biyu. Da aka kira magariba sittin da ɗaya suka yi, kuma shanu sun fara turjewa, ba a ganin kunne sosai.

"Baffa, ka ba ni safiya ɗaya. Kafin hantsi mun gama."

Hassan ya ninke takardun ya sa a cikin hula. Ya dubi gabas, inda hadari ke haɗuwa.

"Ka yi ƙoƙari, Malam, Allah ya biya ka. Amma in wancan ya zuba, gobe kowa na gona. Masu takarda za su bi hanya da ni. Sauran kuwa, ƙanena zai zaga da su ta daji."

"Kwana nawa ke nan?"

"Huɗu. Rijiya ɗaya ce a tsakani."

Ilyasu ya naɗe wayar a gwiwar hannunsa, ya miƙa wa Delu ta taga, ya zauna a kan dutsen bakin ƙofa yana kallon ƙanen Hassan na ware shanu ashirin da takwas gefe guda.