Ɗigon da Ya Ƙi Goguwa

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, wallahi ba a bakin wani na ji ba. Zamanin mulkin soja ne, lokacin da mai ya yi wuya, albashi kuma sai a hankali. Ina aiki a Ikara da wani shirin haƙa rijiyoyi a karkara, kuma da yake ni kaɗai na taɓa zama gaban kwamfuta, sai aka damƙa mini ita, guda ɗaya tal, janareta ke tashinta awa uku a rana.

Ma'aikatanmu kan zaga ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan, su rubuto suna da lambar wuri da yawan mutane, a zuba a faifai, ni kuma in kwafe cikin taswirar kwamfuta, kowace unguwa ta fito ɗigo guda. Da taswirar nan ake raba rijiyoyi, saboda haka ɗigon da na goge ya rasa ruwa ke nan, ba mai sake tunawa da shi. Gogewar kuwa dole ce, don sau da yawa mutum biyu kan rubuto ƙauye ɗaya, ko ni da kaina in kwafa sau biyu, sai in bi in cire maimaici.

To, akwai wani ƙauye tsakanin Makarfi da Hunkuyi, Gidan Bawa. Ya fito sau biyu, ɗigo biyu manne da juna, suna ɗaya, lambar wurin ce ta ɗan bambanta, sai dai na biyun an sa yawan mutanensa ɗaya. Mutum ɗaya kuma? Na ce shirme ne, na goge. Washegari na kunna, ga shi nan. Na duba faifan asali, layi ɗaya ne, na ɗauko takardar da aka cike da hannu, ita ma ɗaya ce. Na share komai na sake kwafa tun daga farko, kai, ya dawo! Sau huɗu ina gogewa, biyu kawai na gaya wa ogana, don kar a ce ban iya aikin ba.

Oga Bitrus mutumin kudancin Kaduna ne, ga faɗa amma ba ya riƙo. Ya ce, "Goge abin nan mu huta, ran Litinin taswira za ta tafi Kaduna." Na dai lallaɓa shi har ya ba ni galan ɗaya na mai, na hau babur in gano wa idona.

Rana tsaka, dawa ta fi ni tsayi, na iso wata mararraba na tarar da wani dattijo tsaye ƙarƙashin ɗorawa, igiyar guga naɗe a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka har gwiwa, alhali ƙasa a bushe take. Na sauka na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya kamar ya san ni. Na ce, "Baba, ina hanyar Gidan Bawa?" Ya ce, "Na bakin titi ko na asali?" Bai jira amsa ba ya nuna mini wata siririyar hanya, sannan ya ce a hankali, ba faɗa ba, kamar mai roƙo, "Ɗan nan, don Allah ka daina goge mini ita. Sau huɗu ke nan."

Innalillahi! Tsigar jikina ta tashi. Ya juya ya shiga cikin dawa yana ɗingishi, kuma na rantse ko kara ɗaya bai motsa ba.

Ƙarshen hanyar kufai ne, ɗaki ɗaya kaɗai ke da jinka. Nan na sami wata tsohuwa, Iya Saratu, tana tsince wake. Ashe mutanen garin sun koma bakin titi da sunan garinsu, yadda aka saba, ita kuwa ta ƙi tashi saboda kabarin mijinta na bayan ɗakin. Rijiyarsu ta rufta, kullum sai ta taka har rafi da ɗan tulunta, ta huta sau uku kafin ta dawo. Duk da haka sai da ta ɗebo mini ruwan nan a ƙwarya, na sha ina jin kunya.

Da na ba ta labarin dattijon, ta ajiye faifan waken ta ce, "Da ƙafar hagu yake ɗingishi?" Na ce e, Iya. Sai ta yi dariya, hawaye na zuba. "Bawa ke nan. Shi ya haƙa rijiyar nan da hannunsa, bana shekararsa bakwai a ƙasa. Har yanzu bai bar shiga abin da ba a sa shi ba."

Da na koma ofis, Oga Bitrus ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba. Doka ba ta yarda a haƙa wa mutum ɗaya rijiya ba, amma da aka gama ta bakin titi ya tura mahaƙa da ragowar siminti suka yashe tsohuwar rijiyar suka ɗaure bakinta. Ni kuma na gyara sunan ɗigon, na sa Gidan Bawa Kufai, daga nan bai sake ba ni wahala ba.

Bayan shekara biyu, wata safiyar Talata na buɗe taswira, ɗigon babu shi. Ban taɓa shi ba, ba kuma mai taɓa kwamfutar sai ni. Na bi fayafayan ajiya ɗaya bayan ɗaya, ko'ina babu. Ni dai na riga na sani. Ran Laraba wani ma'aikacinmu ya dawo daga Makarfi ya ce an binne Iya Saratu ran Litinin da yamma, kusa da mijinta. Na fita bayan ofis na yi kuka kamar uwata ce.

Har yau ban san wa ya shigar da layin nan ba, ban kuma san wa ya cire shi ba. Ku dai masu aikin jera sunayen mutane, in kun ga suna ya fito sau biyu, kar hannunku ya yi saurin gogewa. Ku tashi ku je ku duba, wataƙila akwai wadda ke zaune can ita kaɗai.