Ranar da Iya Ta Hana Ƙaho

'Yata ta biyu tana da shekara shida lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita a gidanmu na Gwange. Zazzaɓin ya sauka, amma yarinya ba ta farfaɗo ba. Daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta tsuguna tana haki. Surukata, wadda muke kira Iya, ta ce mataccen jini ne ya taru mata, ta aika wa wanzami ya zo ranar Alhamis ya yi mata ƙaho. A gidan nan ba a ja da Iya. Cikin shanu ta tashi kafin su zauna a birni, kuma 'ya'ya tara ta raina.

Ni dai ban iya musu ba. Ranar Laraba na goya yarinyar muka tafi asibiti.

Mai gwajin jinin wata mata ce 'yar kudancin Borno. Ta soki yatsan yarinyar, ta ɗebi jini a wata kwalba siririya kamar tsinken tsintsiya, ta sa a injin da ke juyawa. Da ta ciro sai na ga jinin ya rabu: ja a ƙasa, ruwa mai launin ɗorawa a sama, ga wani farin zare a tsakani.

"Mama, kin ga jan nan?" in ji ta. "Su ne masu ɗaukar iska daga huhu su kai ko'ina a jiki. Farin zaren nan sojoji ne, su ke faɗa da cuta, a cikinsu kuma akwai masu toshe ciwo jini ya tsaya. Ruwan kuwa shi ke jigilar su duka, har da abinci. Jan 'yarki ne ya ƙare, shi ya sa take haki. Ƙarin jini take so."

Na ce a hankali, "To, in an yi mata ƙaho fa?"

Ta zaro ido. "Mama, kada ki yarda!"

Na roƙe ta ta gwada nawa ma. Ta manna mini kwalaben biyu a kan kwali da filasta. Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, hannuna bai nuna ba, amma na zauna a benci na rubuta ja, fari, ruwa, kowanne a gefensa.

Washegari wanzami ya shimfiɗa tabarma a zaure yana wasa aska. Na durƙusa gaban Iya, na miƙa mata kwalin.

"Malama ta zo da allonta," ta ce, tana dariya. "Mene ne wannan kuma?"

"Iya, wannan jinina ne, wannan na jikarki."

Nawa jan ya kusa rabi. Na yarinyar kuwa ɗan kaɗan ne a gindi, sauran duk ruwa. Na faɗa mata abin da aka gaya mini, ina bin rubutuna da yatsa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta jawo yarinyar, ta buɗe fatar idonta ta ƙasa, yadda take duba saniya. Fari fat.

"La ilaha illallahu," ta ce. "Ko maraƙi ne idonsa ya yi haka, ba a fitar masa da jini. Ina hankalina ya tafi?"

Ta ƙwala wa maigidana kira. Shi kuwa tun jiya da na ce masa ana neman mai ba yarinyar jini yake zillewa, wai namiji in ya ba da jini ba ya mayarwa.

"Kai, ragon banza! Ni da na haife ka jini nawa na zubar, ga ni zaune?" Ta leƙa zaure. "Sarkin aska, mayar da ƙahonka. Tunda ka zo, aske wa wannan kai, asibiti za shi."

Jininsa ya dace da na yarinyar, aka ƙara mata. Bayan 'yan makonni muka koma gwaji, Iya ta ce ƙafarta ƙafata. Ita ta karɓi sabuwar kwalbar, ta jera da tsohuwar, ta auna jan da farcenta.

"Ya hau," ta ce wa mai gwajin. Ta juyo gare ni. "Malama, rubuta."

Na rubuta. Yarinyar kuwa tana can waje tana tsere da wata akuya.