Rijiyar da Ta Yi Zurfi da Ɗan Tani a Cikinta

Ku da kuke aikin ruwa da injina yanzu, in kuka ce in zaɓo muku rana guda cikin shekarun da na yi ina ginin rijiya, to ranar da Ɗan Tani ya dawo daga zaman makoki ce ke fara zo mini. Har yau ba ta fita raina ba.

Shekara biyu ko uku ke nan bayan samun 'yancin kai, muna aiki a ƙungiyar masu ginin rijiyar siminti a Dakoro. Kun san ƙasarmu, ruwanta na nesa, sai ka leƙa rijiya ka hangi mutum a ƙasa kamar ƙwaro. Ma'aikata iri biyu ne. Akwai masu shiga, su ke gina da zuba siminti a jikin rami. Akwai leburorin sama, masu jan ƙasa da kwaɓa siminti da riƙon igiya. A kanmu akwai Baba Nomau, tsohon magini wanda ba a sa diga sai ya ce a sa, a kansa kuma akwai Shef Isufu, da ke zuwa daga buro, wato ofis, a babbar motar da muke ce wa kamiyo ya duba aiki.

Ɗan Tani taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mutumin wajen Kornaka. Ƙato ne, shi kaɗai yakan saɓa buhun siminti yana hira. Amma ko leƙa rijiya ba ya yi. Ni kuwa bakina ba ya shiru, kullum sai na ce masa raƙumin da ke gudun kududdufi. Ya yi dariya ya wuce. Dukanmu mun san dalili: wansa ya rasu cikin rijiyar gargajiya da ta rufta, shi kuma Ɗan Tani ne ke riƙe da igiyar a sama.

Ƙarshen watan Disamba Shef Isufu ya tara mu ya faɗi abin da aka yanke daga sama. In damina ta faɗi, masu shiga ne kaɗai za a riƙe a matsayin ma'aikatan dindindin, leburorin sama kuwa kowa ya kama gabansa. Ni ina shiga, ba ruwana. Ɗan Tani kuwa iyalinsa da tsohuwarsa duk da aikin nan suke ci, gonarsa jigawa ce da ba ta kai su ko rani.

Ranar da shekarar Nasara ta kama ba a aiki, muna zaune muna shayi, kowa na faɗin abin da yake so ya yi bana. Wani zai ƙara ɗaki, wani zai bar goro, wanda mun san ko kwana biyu ba zai yi ba. Sai Ɗan Tani ya ce shi bana zai zama mai shiga. Na ce to, ni ma bana zan zama kwamanda. Bai kula ni ba, ya juya wajen Baba Nomau.

"Baba, rijiya mai zurfi ba ni iya shigarta, wannan na sani. Amma sabuwar da za mu soma, ku bar ni ciki tun tana ramin gwiwa. Ta yi ta zurfi ina ciki, kada in yi fashin rana ɗaya."

Baba Nomau ya ce ya ji. A ƙa'idar aikinmu mai shiga shi ke zaɓen wanda zai riƙe masa igiya, ba a naɗa masa. Ɗan Tani ya nuna ni. Wallahi kunya ta kama ni.

Muka soma rijiyar a wani ƙauye yamma da Ajekoriya. Ranar farko yana gini muna hira da shi kafaɗa da kafaɗa. Da rami ya shanye kansa, ya ce ba laifi, ai jiya ma kusan haka yake. Kullum maganarsa ke nan, jiya ma kusan haka yake. Da safe a saukar da fitila a gani ko iskar ƙasa lafiya, in ba ta mutu ba sai ya ɗaura igiya a ƙugu in sassauta masa. Wata rana ya fito ya yi amai bayan tantinmu, amma washegari shi ne na fari a bakin rami. Na daina yi masa ba'ar raƙumi.

Muna tsakiyar bazara aka aiko tsohuwarsa ta rasu. Dole ya tafi, har sai an yi sadakar bakwai. Ni da take gwaggona, gaisuwa kawai na je na dawo bakin aiki. Baba Nomau bai ce mana don Ɗan Tani ne ba, sai kawai ya ce a dakatar da gini, a koma tara tsakuwa da gyaran igiyoyi. Muka yi ta gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Ana haka Shef Isufu ya iso, ya ga rami bai motsa ba. Ransa ya ɓaci, ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, matan ƙauyen nan kuma tun asuba suke tafiya neman ruwa da jakai, ba zai bar gari da ƙishirwa don mutum ɗaya ba. Na ji haushinsa a lokacin, amma gaskiya ya faɗa. Muka koma gini, ƙasar kuma ta zo da laushi, rijiya ta yi ta nutsewa.

Da Ɗan Tani ya dawo, ya tsaya nesa ya dubi tulin ƙasar da muka fitar, ya gane rijiya ta yi zurfi ba da shi ba. Baba Nomau ya ce masa ya huta yau, gobe ma rana ce. Ya ce in ya huta yau ba zai ƙara shiga ba har abada, ya san kansa. Aka saukar da fitila, ta dawo da wutarta. Ya ɗaura igiya, na ƙarasa masa ƙullin.

"Mamman," ya ce mini, "in na kai inda na tsaya rannan, ka faɗa mini."

Na yi ta sassautawa a hankali. Da ya kai inda simintin ya sake launi, wato inda ya bar ginin kafin ya tafi, na leƙa na ce masa ga wurinsa nan. Igiya ta tsaya cak. Ya daɗe rataye. Ni dai ina ta addu'a, don na san in ya girgiza igiya in jawo shi, shi ke nan. Can sai muryarsa ta taso, siririya kamar ba ta ƙaton nan ba.

"Ƙara."

Na ƙara. Ya sake cewa ƙara, na ƙara, har na ji igiya ta yi sako-sako a hannuna. Jim kaɗan muka ji ƙarar diga. Baba Nomau ya juya mana baya yana ta gyara rawaninsa.

Ba a yi sati ba muka iske yashi mai danshi. Al'adarmu ce wanda ruwa ya ɓullo a hannunsa shi ke shan ƙoƙon farko. Baba Nomau ya shirya aikin yadda Ɗan Tani ne a ƙasa ranar. Sai ga guga ya taso da ƙoƙo cike da ruwa jajir, bai taɓa shi ba, ya ce a ba mai igiya. Na sha har da yashin. Da damina ta faɗi aka riƙe shi, ya yi aikin nan har gemunsa ya yi fari, kuma ba wanda ya koyar da sababbin masu shiga kamarsa.

Abin da na ɗauka shi ne, a aikin nan niyyar sabuwar shekara ba ta wuce ka sauka yau ƙasa kaɗan da inda ka tsaya jiya, in kuma fashi ya same ka, ka koma ranar da ka dawo, kada ka ce gobe. Sannan ka san wanda ka ba igiyarka. Bayan ya tsufa na tambaye shi me ya sa ya zaɓe ni, duk da bakin nan nawa. Ya ce ai ya san ba zan taɓa sakinsa ba, don in ya mutu ba ni da wanda zan yi wa ba'a.