Gwangwanin Bawa

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin asibiti, ranar da ba ta fita a raina ba ita ce wadda sabon likita ya tarar da ni ina duba gwangwanaye. Lokacin ana tsakiyar aikin madatsar Bakolori, ni kuma ina ƙaramin malamin asibiti a ɗakin shan maganin leburori, kusa da Talata Mafara. Aikina wanke ciwo, ba da ƙwaya, da rubuta takardar sauƙin aiki, wato takardar da ke sa heluma, shugaban leburori, ya ɗauke mutum daga aiki mai wuya na mako biyu.

Masu neman takardar nan sun yi yawa, kusan duka da kukan tari, sai na ƙirƙiro dabara. Duk Litinin da safe mai tari zai yi kaki ya tofa a gwangwanin madara. Wanda majinarsa ta fito ja da ƙasa, ya samu takarda. Wanda tasa ta fito fara, ya koma bakin aiki. Helumomi suka yaba, ni ma kaina ya kumbura, har na fara tafiya irin ta likitoci.

Akwai wani Bawa, mutumin Tsibiri, magidanci, da ke riƙe injin huda dutse a inda ake fasa duwatsun ginin. Sau uku yana zuwa.

"Malam, in na hau tudu numfashina yankewa shikai," in ji shi. "A taimaka a maishe ni wajen masu ɗibar ƙasa."

Sau uku ina leƙa gwangwaninsa in ga majina fes. Na ce masa ƙirjinsa ya fi nawa lafiya. A raina kuwa na sa shi cikin ragwaye.

A zuwansa na huɗu ne likitan ya shigo, wani dattijo mara yawan magana. Ya tsaya ya ji bayanin dabarata har ƙarshe. Sannan ya sa abin sauraro a bayan Bawa, ya daɗe, ya tambaye shi irin aikinsa da ko ana zuba wa dutsen ruwa lokacin hudawa. Bawa ya ce ba a zubawa.

Da aka watse, likita ya zaunar da ni. Ya ce hanyoyin iska na ƙirji shafe suke da majina, a ƙarƙashinta kuma akwai wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani, kullum suna turo ta sama. Ƙura mai gwaɓi, irin ta jar ƙasa, nan take maƙalewa, a turo ta maƙogwaro. Mutum ya tofar, ko ya haɗiye. In ya haɗiye, hanji ma da nasa yauƙin, shi zai riƙe ta har ta fita da bayan gida. Amma garin dutsen da injin ke fitarwa ya fi garin tuwo laushi. Iska ke wucewa da shi can ƙasan huhu, inda babu gasun da za su turo shi. Can yake zama, huhu ya yi ta tabo a kansa har ya ƙandare.

"Masu jar majina, jikinsu na fitar da abin," ya ce. "Su kake hutarwa. Wanda nasa ya shige ciki, shi kake mayarwa bakin aiki."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. A ranar ya hana gwangwani. Ya rubuta wa manyan aikin cewa a riƙa jiƙa dutse kafin hudawa, a kuma ba masu injin abin rufe hanci na gaske. An tura Bawa Sakkwato ɗaukar hoton ƙirji. Da hoton ya dawo, likita ya ɗaga shi a taga ya nuna mini ɗige-ɗige farare a huhun duka biyu. Na tambayi maganin da zan ba shi. Ya ce babu, sai dai a raba shi da ƙurar. Aka mayar da shi gadin ƙofa.

Bayan an gama madatsa an yi mini canji zuwa Bakura. Wata ranar kasuwa na hango Bawa zaune a gindin rumfa, ya rame. Shi ya fara gane ni, ya miƙo hannu.

"Malam, ina wuni? Ƙaƙa gida? Ƙaƙa..."

Nan ya tsaya. Ya dafa gwiwa, yana jan iska da baki. Kun san gaisuwar mutanenmu, ba a yanke ta. Na tsaya riƙe da hannunsa ina jira, kunya ta rufe ni. Da numfashin ya dawo, bai tsallake komai ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi likita, yana hutawa tsakanin kowace tambaya. Bai ambaci zuwansa uku ba.

Ku da kuke fara aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan: in mutum ya ce muku numfashinsa na yankewa, ku rubuta abin da ya faɗa, ku tambaye shi aikin da yake yi, kafin ku duba komai. Bawa ya faɗa mini ciwonsa daidai tun ranar farko. Wata biyar na ƙara masa a bakin injin nan, da sa hannuna.