Sakin Layi na Farko a Wasiyyar Mijina

Shekarun baya, ina cikin aikin karanta labarai a gidan rediyo, mijina ya rasu bayan jinyar wata huɗu. Ma'aikaci ne a wata masana'anta a Kudenda, mutum ne marar yawan magana, ya fi yarda da takarda. Na san ya rubuta wasiyya, lauyansa ya kai ta babbar kotu an ajiye a rufe. Abin da ke ciki ne ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Kwana biyu da rasuwar, yayansa ya iso daga ƙauye, aka zauna a falonmu a Sabon Tasha tare da fasto. Ya ce a kai gawa gida, kamar yadda aka yi wa kowa a zuriyarsu. Ni kuwa tafiyar awa huɗu nake hange, da neman rakiya duk ranar da nake son ganin kabarin mijina. Na fi son makabartar cocinmu, inda keke ɗaya zai kai ni.

"Matarmu, mu ba ma barin namu a bariki," in ji shi.

"Yaya, shi ya ce nan yake so. Da bakinsa ya gaya mini a asibiti."

Bai gaya mini ba. Na dai faɗa da muryar da nake karanta labarai, muryar da mutane ba su saba yi wa gardama ba. Ni ce fa mai mayar wa wakilanmu rahoto idan majiyarsa ɗaya ce. Yaya ya dube ni, ya dubi fasto, ya ce, "To, idan shi ya ce, shi ke nan." Aka binne shi a Kaduna.

Bayan an share makoki, lauya ya ce gidan da gonarsa ta Kakau ba za su koma hannun kowa ba sai kotu ta buɗe wasiyyar ta ba da takardar izinin aiwatar da ita. Na kai takardar shaidar mutuwa, na cike fom, na yi ta hawa bene ina sauka har aka sa rana. Aka ce dangi na kusa su halarta.

Ranar, magatakardar kotu ya ɗaga ambulan ya nuna mana hatimin bai motsa ba, sannan ya yanka. Da Turanci yake karantawa, yana tuntuɓe a kan sunan ƙauyensu, ni ina gyara masa a zuci kamar ina wurin aiki. Sakin layi na farko ya ce a kai gawarsa gida, a binne shi gefen mahaifiyarsa. Na biyu ya naɗa mutum biyu su aiwatar da wasiyyar: ni da yayansa.

Turancin Yaya kaɗan ne. Ya ce, "Malam, na farkon nan, a maimaita mini da Hausa."

Magatakarda ya dubi lauya, lauya ya sunkuyar da kai. Ni na fassara. Sana'ata ce, ban rage ko kalma ɗaya ba.

Saura rantsuwa, wadda mu biyun za mu yi cewa za mu cika abin da marigayi ya rubuta. Idan Yaya ya ƙi, sai shari'a. Na same shi a baranda yana kallon motoci.

"Yaya, idan kun ce a tono shi, zan sa hannu."

"A tono shi kuma? Wata huɗu ana huda shi da allura. A bar shi ya huta." Ya juyo ya dube ni. "Da kin ce ke kike so, da mun yi rigima, wataƙila ma ki ci. Amma kika sa magana a bakin wanda ba zai iya musawa ba."

Muka koma ciki, ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, ni ma na ɗora. Takardar izinin ta fito bayan wata bakwai. Gida ya zama nawa, gona ta yaranmu, babu wanda ya ɗaga murya.

Har yau muna gaisawa da Yaya, yana aiko mana da citta da acca idan an yi girbi. Sai dai bai sake tambayata abin da ƙanensa ya ce a kan komai ba, ni ma na daina fara zance da "marigayi ya ce". Abin da na koya kaɗan ne: tawa wasiyyar na karanta wa 'ya'yana ita da bakina kafin a rufe ambulan.

Bara na je ƙauyen jana'izar wata gwaggon mijina. Gefen kabarin surukata akwai fili daidai tsawon mutum, an nome ciyawarsa tas. Mutum uku aka binne a gidan tun bayan mijina, ba a sa kowa a wurin ba. Ban tambayi wanda ke nomewa ba.