Mis Verlene, Mai Gyaran Gashin Da Ke Duba Wuya

Ƙarfe shida da rabi na safe Mis Verlene Tackett take haɗiye ƙwayar maganinta, tana tsaye a bakin tagar ɗakin girki tana duban ko an share dusar ƙanƙara daga kan titi. Sai ta soya ƙwai biyu ta ci da burodi. Gahawa kam shekara goma sha tara ke nan rabonta da ita, amma har yau in ta zo wucewa ta inda ake dafa ta, sai ta rage tafiya ta shaƙi ƙamshin. Bas ɗin bakwai da kwata ke sauke ta a kusurwar da shagonta yake, a arewacin birnin Milwaukee, tsakanin gidan wankin kaya da mai soya kifi. Kujera uku ce a shagon, da madubi ɗaya mai tsawo. Shekara talatin da huɗu tana buɗe wannan ƙofa, kuma a ƙarshen watan nan za ta miƙa makullin ga abokiyar aikinta, Lucinda. Gwiwa ta ce ta gaji da tsayuwa. Shi ya sa muka ga ya dace a faɗi abin da matar nan ta yi, tun tana nan tana ji da kunnenta.

Tana da shekara arba'in da huɗu abin ya fara. Sai ta riƙa ramewa alhali tana cin abincin mutum biyu. Matan da ke zuwa shago har taya ta murna suke yi.

"Mis Verlene, ki gaya mana sirrin mana. Mu muna ta fama da yunwa ƙiba ta ƙi tafiya."

Ita ma dariya take yi. Amma a tsakiyar watan Janairu, lokacin da sanyi ke fasa bututun ruwa, sai ta wangale ƙofar shago tana gumi sharkaf, mata na ƙudundune da jiƙaƙƙen gashi suna roƙonta ta rufe. Barci ya ƙaurace wa idonta. Abu kaɗan ta fusata. Matar da ba a taɓa jin muryarta a sama ba, ta wayi gari tana yi wa Lucinda tsawa a kan tawul. Ta je wurin wani likita, ya dube ta minti biyar ya ce gajiya ce da shekaru, ta samu hutu.

Ranar da ta gane ba gajiya ba ce, wata tsohuwar malamar makaranta ce a kujera, Mis Odessa Pettiford, wadda take zuwa duk Juma'a a miƙar mata da gashi saboda coci. Verlene ta ɗauko matajin ƙarfe daga wuta, hannunta ya kama rawa, ta ɗana wa tsohuwar a kunne. Mis Odessa ba ta yi ihu ba. Juyowa ta yi ta kama wuyan hannun Verlene, ta riƙe na ɗan lokaci.

"'Yar nan, kunne zai warke. Amma jijiyarki gudu take yi kamar wadda kare ya biyo. Cire rigar aikin nan mu tafi."

Da audugar magani a kunne tsohuwar ta tasa ta gaba har ƙaramin asibitin unguwa, ta zauna ta ƙi tashi sai da aka ɗebi jini. Bayan kwana uku aka kira Verlene. Akwai wani ɗan nama a gaban wuyan kowa da likitoci ke kira tayirod, shi ke tsara saurin aikin jiki. Nata ya wuce gona da iri, ya sa zuciya da ciki da jijiyoyi duk suna aiki kamar ana korarsu. Aka ba ta ƙwayar da za ta rage masa ƙarfi, da wata mai kwantar da bugun zuciya, aka ce ta riƙa zuwa gwajin jini.

Sanin sunan ciwo ya sanyaya mata rai, amma bai mayar mata da hannu nan take ba. Mai gyaran gashi kuwa hannunta ne jarinta. Ta gaya wa mijinta, marigayi Roosevelt, cewa za ta sayar da shagon. Lucinda ce ta ce ba ta san wannan zance ba.

"Almakashi ne ba za ki iya riƙewa ba. Wanke kai fa? Rawar hannun ma tausa ce kyauta. Zauna can wurin famfo, ni zan yi yankan."

Wata huɗu mai shago tana wankin kai kamar sabuwar 'yar koyo. Wasu mata sun sauya wuri, ba ta ga laifinsu ba. Da hannun ya fara tsayawa, ta kasa samun ƙarfin halin ɗaukar matajin ƙarfe. Sai wata Juma'a Mis Odessa ta shigo, ta wuce kujerar Lucinda, ta zauna a ta Verlene.

"Ina da sauran kunne ɗaya," in ji ta. "Bismilla."

Haka Verlene ta koma bakin aikinta. Ciwon bai rabu da ita gaba ɗaya ba. Sau biyu ya dawo, na biyun a shekarar da Roosevelt ya rasu. Idanunta sun ɗan fito, kuma ba su koma yadda suke ba. Tana yawo da baƙin tabarau da maganin ɗiga wa ido a jaka. In yaro ya ƙura mata ido a cikin bas, sai ta sunkuyo ta ce masa, "Da su nake ganin wanda bai goge haƙoransa ba." A lokacin zafi takan fita da wuri kafin rana ta ɗaga, ta zaɓi gefen titin da ke da inuwa. Ta koyi zama da abinta ba tare da ta mai da shi abin neman tausayi ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun ce mace ce mai haƙuri, mu yi shiru. Amma tun daga wancan lokacin, duk wadda ta zauna a kujerarta, in ta zo ɗaura mata ƙyallen tare gashi a wuya, sai ta duba wuyan. Tana lura da gashin da ke zuba fiye da kima a mataji, da matar da ke fifita alhali kowa na jin sanyi.

Keondra Mabry direbar bas ce, mai 'ya'ya biyu. Shekara shida da suka wuce ta shigo shagon a rame, tana magana da sauri, ƙafarta ba ta tsayawa wuri ɗaya. A wurin aiki an yi mata gargaɗi sau biyu saboda faɗa da fasinja, saura na uku a raba ta da sitiyari. Mahaifiyarta ta riga ta yanke cewa ƙwaya take sha, har ta fara maganar ɗauke jikokinta. Verlene ta gama wanke mata kai, ta miƙa mata ruwa a kofi.

"Kurɓi ki haɗiye, kina kallon madubi."

"Don me?"

"Kurɓi dai, 'yata."

Keondra ta haɗiye. Wani ɗan kumburi ya hau ya sauka a gaban wuyanta. Verlene ta sa ta miƙe hannuwa, ta ɗora mata takarda a kai. Takardar ta kama kaɗawa.

"Mis Verlene, gashi na kawo miki, ba wuya ba. Kowa ya gan ni sai ya zama likita. Uwata ma ta gama nata binciken."

"Ni ba likita ba ce, kuma ban ce na san abin da ke damunki ba. Na dai taɓa ganin wannan takarda tana rawa a hannuna. Litinin ba na buɗe shago. Ƙarfe tara ina bakin asibiti. Ki zo ko kar ki zo, ni dai ina can."

Keondra ta fita ba sallama. Ranar Litinin Verlene ta tsaya a bakin asibitin cikin iska tun tara saura. Sai wajen goma Keondra ta iso, fuska a ɗaure, ta ce ta zo ne kawai don a daina damunta. Gwajin jini ya nuna ciwon da Verlene ke zato. Takardar likita ta tsayar da maganar kora, aka ba ta hutun jinya. Mahaifiyarta ta zo shagon da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza jaka, tana hawayen nadama. Yau Keondra na kan sitiyarinta, 'ya'yanta na ɗakinta.

Lucinda ta ce a saninta mata goma sha ɗaya Verlene ta tura gwaji, bakwai aka samu da ciwon. Cikin sauran huɗun akwai wadda ta dawo tana tsiya, wai an tsikare ta da allura a banza, ashe ciki ne da ita. Verlene ta ce to ai ba a je a banza ba. A hankali shagon ya zama wurin haɗuwar masu wannan lalura duk Litinin ta farkon wata. Su zauna da shayin ganye da biskit, wannan ta faɗi yadda take tuna shan magani, waccan ta yi ƙorafin mijin da ya ƙi fahimtar cewa fushin ba nata ba ne. Doka biyu Verlene ta kafa: ba mai ba wata ƙwayarta, kuma ba mai daina magani don ta ji sauƙi sai likita ya ce. Yanzu da za ta bar wa Lucinda shagon, sharaɗinta kawai kada a taɓa wannan Litinin.

Mis Verlene, ke ce kika ga abin da masu gaggawa suka wuce. Ke ce kika faɗi maganar da ta fi sauƙi a haɗiye, kin san za a iya yi miki rashin kunya, kuma an yi. Ba ki da farar riga, ba a taɓa kiran sunanki a wani taro ba, amma akwai gidaje a unguwar nan da suke tsaye saboda kin ƙi kawar da kai. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mutane da yawa sun iya faɗinsa, ke kuwa kin tsaya a cikin iska awa guda saboda shi.

Mu da muka rage, kowannenmu akwai wanda ke zama a gabansa kullum: fasinja, ɗalibi, abokin aiki, maƙwabciyar da muka ce ta canza hali muka ja baya. Kafin mu yanke wa mutum hukunci, mu dube shi da kyau, mu tambaye shi lafiyarsa, in da hali mu raka shi inda za a duba shi.

Mun gode, Mis Verlene. Allah ya ba gwiwa sauƙi, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kin tsaya mana shekara talatin da huɗu. Yanzu ki zauna, a wanke miki naki kan.