Kuɗin Dubiyar Baba

Ko zan manta da komai na zamanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, ban da makon da kuɗin dubiya suka kusa hana a yi wa Babanmu aikin ido.

Baba ma'aikacin gwamnati ne a Tarauni. A wurin aikinsu akwai asusun ajiyar lafiya, duk wata a yanki wani abu daga albashi a zuba, ba a cire masa haraji. Sai dai akwai iyakar abin da mutum zai zuba a shekara. Wannan iyaka kuwa Baba kaɗai ya san da ita, kuma bai taɓa kawo ta a hira ba.

Da yanar ido ta rufe masa gani, likita ya sa ranar aiki, sai gidanmu ya koma kamar gidan biki. Mutanen masallaci, abokan aiki, dangin Inna daga Darmanawa, kowa da ledar lemo da ayaba, in zai tashi ya cusa ɗan abin da ya samu a ƙarƙashin filo. Baba yana "Haba, ku bari mana," ana "Ba yawa Malam, a sayi magani." Allah sarki! Har yau ina jin ƙamshin lemon nan.

Inna ta rantse ko gishiri ba za a saya da kuɗin ba. "Na lafiya ne, wurin lafiya za su." Kullum sai ta zura hijabi ta je wurin mai POS na bakin layi, ta tura su asusun nan, ta dawo tana murna.

Ranar aiki ta matso, na je biyan asibiti, aka ce an rufe asusun. Na tari adaidaita sahu sai ofishin masu kula da asusun. Jami'in ya ce, "Kun zuba fiye da ƙa'ida. Sai an cire rarar, a biya harajinta da tara, sannan a buɗe."

Ni da ma ba haƙuri ne da ni ba. Na ce, "Tara? Don an duba mara lafiya? Kai Malam, ka ji tsoron Allah!"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ki gode Allah shekara ba ta ƙare ba, tarar kaɗan ce. Mai asusun ya sa hannu yau, gobe a buɗe."

Da na kai labari gida, Inna ta fashe da kuka, wai ita ta ja wa Baba makanta. Ni na kama hannunsa na ɗora kan layin da zai sa hannu a takardar da jami'in ya ba ni. Shi kuwa dariya yake, ya ce wa Inna, "Ke, kin taɓa jin wanda aka ci tara don masoyansa sun yi yawa? To ga ni."

Aka cire rarar, aka biya, aka yi aiki a ranarsa. Da aka kwance masa bandeji, Inna ya fara gani. Ya ce, "Ashe ga mai laifin nan, ba ta canja ba."

Baba ya rasu yanzu, Allah ya ji ƙansa. Tun daga lokacin, ko kyakkyawar niyya ce ta kai ni wuri, sai na tambayi ƙa'idarsa kafin in zuba sisi. Amma in gaya muku gaskiya, ban taɓa jin haushin tarar nan ba. Ita ce ta nuna mini yawan mutanen Babana.